Yadda Ake Tara Tsofaffin Katunan Gidan Waya da Hotunan Da

Katin da ya jawo ni cikin wannan harka ba wani kyau gare shi ba. Hoton wata tashar jiragen ruwa ne, ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, kusurwarsa ɗaya ta lanƙwashe. Har zan mayar da shi cikin tarin da na tsinto shi, sai na juya bayansa. Kan sarki guda a sama ta hannun dama, hatimin gidan waya ya hau rabinsa da shekarar 1911, sai layi uku na tawada da hannu mai karkata: ya sauka lafiya, teku ta yi kwana biyu tana haushi, a gaishe masa da mahaifiyarsa. Ban san shi ba, ban san wanda ya rubuta wa ba, amma na daɗe a tsaye da katin a hannuna. Tun daga ranar nake fara duba bayan kati kafin gabansa, kuma duk abin da zan faɗa a nan a kan haka ya ginu. Aikin mai tarawa shi ne ya riƙe hoto tare da labarinsa, kada ɗaya ya rabu da ɗaya.

Mataki na farko: ka zaɓi fagenka

Katunan da aka buga a duniya tun daga ƙarni na 19 sun fi ƙarfin lissafi. Wanda ya ce zai tara duk abin da ya tsufa, cikin shekara guda zai cika kwalaye da takardu marasa alaƙa da juna, ya ƙare kuɗinsa, sha'awar kuma ta mutu. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka zauna ka tambayi kanka mene ne idan ka gan shi a hoto kake tsayawa. Wani jiragen ƙasa da tashoshinsu ne, wani gadoji, wani kasuwanni, wani dawakai, wani suturar mutanen wani zamani. Akwai masu bin gari guda, suna neman titi ɗaya a shekaru daban-daban don su ga yadda ya canza. Akwai masu bin kamfani guda, kamar Raphael Tuck & Sons na Landan, wanda ya fito da jerin katunan Oilette masu kama da zanen fenti a 1903. Akwai kuma masu bin mai ɗaukar hoto guda, kamar Edmond Fortier da ya yi aiki daga Dakar a farkon ƙarni na 20, ko 'yan'uwan nan Lisk-Carew na Firitawun.

Ni shawarata ita ce fagen ya zama ƙarami har ka ji kamar ya yi ƙanƙanta. Faɗaɗawa daga baya ba ta da wuya. Amfanin ƙaramin fage shi ne cikin 'yan watanni idonka zai san wane kati ne ake gani kullum, wane ne kuma ba ya fitowa sai an daɗe, kuma wannan sanin shi ke kare mutum daga asara.

Mataki na biyu: ka fara da abin da ke hannun danginka

Kafin ka sayi ko kati ɗaya, ka bincika tsofaffin akwatuna da albam da ambulan ɗin da ke ajiye a wurin dangi. A nan ne kaɗai za ka samu hoto da mai bayaninsa a wuri guda. Ka ɗauki hotunan ka je wurin dattawan da suka san fuskokin, ka zauna da littafi da fensir, ko ka naɗi muryarsu a waya idan sun yarda. Kada ka tambaye su shekara, don mutane ba kasafai suke riƙe ta ba. Ka tambayi wane ne wannan, ina ne nan, an haifi wane a lokacin ko tukuna. Daga irin waɗannan amsoshi za ka fitar da shekarar da kanka.

Da sanyin safiya ake kama fara. Akwai hoton mutum bakwai a wurina da na yi ta ɗage tambaya a kansa, yau ne gobe ne, har mai sanin sunayensu ta rasu. Yanzu mutum biyu kawai na iya ganewa a ciki, sauran biyar sun zama baƙi a cikin danginsu. Wannan abin yana damuna har yau.

Mataki na uku: kayan aiki

Ba su da yawa. Gilashin ƙara girma mai ninka abu sau goma, fensir mai laushi irin 2B, buroshi mai taushin gashi don kaɗe ƙura, rula mai santimita, ɗan maganaɗisu, da ƙaramar tocila mai hasken UV irin ta duba takardar kuɗi. Sai safar hannu ta robar naitiril don taɓa hotuna da nagetif, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa. Katin takarda kuwa hannu mai tsabta da ya bushe ya fi masa, domin safar auduga tana sa kati ya suɓuce ko zarenta ya kama kusurwa.

Mataki na huɗu: ka koyi karanta shekarun kati

Nan ne daɗin harkar yake, nan kuma ya kamata ka ba wa lokaci.

Katin gidan waya na hukuma na farko ya fito a daular Ostiriya da Hungari ranar 1 ga Oktoba 1869, bayan shawarar wani malamin tattalin arziki mai suna Emanuel Herrmann. Babu hoto a jikinsa, kan sarki ne bugagge da wurin adireshi. Biritaniya ta bi sahu a 1870, amma sai a 1894 ta yarda kamfanoni masu zaman kansu su buga katin da mutum zai manna wa kan sarki da kansa. Daga nan ne katunan hoto suka fara yawa a can. A ƙasashen da ake jin Jamusanci kuwa, katunan da ke ɗauke da kalmomin "Gruss aus", wato gaisuwa daga wuri kaza, sun cika kasuwa a shekarun 1890, da ƙananan hotuna biyu ko uku masu launi a gefe guda.

Abu na farko da za ka duba shi ne ko akwai layin da ya raba bayan katin gida biyu. A farko doka ba ta yarda a rubuta komai a baya ba sai adireshi. Saƙo a gaba ake matsa shi, shi ya sa za ka ga tsofaffin katuna da ɗan farin fili a ƙasan hoton ko a gefensa, mutane sun cusa rubutu a ciki, wani lokaci har ya hau kan sararin samaniyar hoton. Biritaniya ce ta fara yarda a raba baya a 1902, hagu na saƙo, dama na adireshi. Faransa ta biyo baya a 1904, Jamus a 1905, Amurka kuma ranar 1 ga Maris 1907. Saboda haka kati mai baya marar layi, a mafi yawan lokuta, ya girmi waɗannan shekaru a ƙasar da aka buga shi. Wannan alama guda ta isa ta raba maka tarin katuna kashi biyu cikin minti kaɗan.

Daga raba baya zuwa ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 shi ne lokacin da masu tarawa ke kira zamanin zinare. Mutane na aika kati kamar yadda muke tura saƙon waya a yau, kuma mafi kyawun bugu daga maɗaba'o'in Jamus yake fitowa, har katunan garuruwan da ke nesa da Turai za ka ga an rubuta musu cewa a Jamus ko a Sakasoni, wani yankinta, aka buga su. Yaƙi ya yanke wannan ciniki. A Amurka sai katuna masu farin baki kewaye da hoton suka yawaita daga wajejen 1915 zuwa 1930. Bayansu sai katunan da ake ce wa lilin, waɗanda takardarsu ke da zane-zanen saƙa idan ka shafa da yatsa, launinsu kuma ya yi kau, kuma kamfanin Curt Teich na Shikago ya yi suna a kansu a shekarun 1930 da 1940. Katuna masu sheƙi irin hoton kala sun fara bayyana a 1939, suka mamaye kasuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ka riƙe cewa wannan jeri ya fi dacewa da katunan Amurka, don haka kada ka ɗora shi ido rufe a kan katin kowace ƙasa.

Girma ma yana magana. Tsofaffin katuna yawanci santimita 9 ne da 14. Masu girman kusan 10.5 da 15 sun fi yawa a baya-bayan nan.

Sai kan sarki da hatimi. Idan fuskar Sarauniya Biktoriya ta Biritaniya ce, ta rasu a 1901. Sarki Edward na Bakwai ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910, George na Biyar kuma daga 1910 zuwa 1936. Sunayen wurare ma suna taimakawa ƙwarai. Birnin da ake kira St. Petersburg ya koma Petrograd a 1914, ya koma Leningrad a 1924. Gold Coast ta zama Ghana a 1957. Katin da aka rubuta masa Jamus ta Yamma bai girmi 1949 ba. Adireshin kamfani a Amurka mai lambar yanki ta ZIP bai girmi 1963 ba.

Amma ga inda sababbin shiga ke faɗuwa. Hatimin gidan waya ranar da aka aika katin yake nunawa. Mai yiwuwa katin ya yi shekara goma a kan kantar mai shago kafin a saye shi, hoton da ke jikinsa kuma an ɗauke shi shekaru kafin a buga. Kati guda yana iya ɗauke da lokaci uku: na ɗaukar hoto, na bugawa, da na aikawa. Idan za ka rubuta a littafinka, ka rubuta "an aika a 1911", ka bar sauran biyun sai ka samu hujja. A cikin hoton ma akwai hujjoji: irin motar da ke kan titi, sandunan waya, tuta, ko ginin da ka san shekarar da aka rushe shi.

Mataki na biyar: bugu ne, hoto ne na gaske, ko jabu

Ka ɗora gilashinka a kan wurin da inuwa ta haɗu da haske, kamar kuncin mutum ko gajimare. Idan ka ga ɗige-ɗige a jere cikin tsari kamar raga, bugun maɗaba'a ne irin na jarida. Idan ka ga ƙananan lanƙwasassun ƙwayoyi kamar tsutsotsi ba tare da jeri ba, wannan bugun kolotayif ne, wanda aka yi amfani da shi sosai a katunan farkon ƙarni na 20. Idan kuwa launin ya tafi sumul daga duhu zuwa haske babu ɗigo ko ɗaya, to hoto ne na gaske da aka wanke a kan takardar hoto mai bayan kati.

Irin waɗannan na ƙarshe su na fi so. A 1903 kamfanin Kodak ya fito da kyamarar 3A wadda nagetif ɗinta ya yi daidai da girman kati, sai ya zama mai shagon hoto a ƙaramin gari, ko ma mai sha'awa a gidansa, zai iya ɗaukar gobara ko ambaliya ko taron makaranta ya wanke kwafi kaɗan ya raba. Wani katin ƙila shi kaɗai ya rage a duniya. A bayansu, a ɗan akwatin da ake manna kan sarki, za ka ga sunan takardar, kamar AZO ko Velox ko Cyko. Masu tarawa sun lura cewa AZO mai ƙananan alwatika huɗu duk suna kallon sama ta kimanin 1904 zuwa 1918 ce, idan biyu na sama biyu na ƙasa kuma ta kimanin 1918 zuwa 1930.

Jabu kuwa ya yawaita tunda firinta ta shiga kowane gida. Na taɓa sayen wani kati a intanet, hoton tashar jirgin ƙasa, gabansa ya yi ruwan ƙasa kamar ya shekara ɗari. Da ya iso na sa gilashi, sai ga ɗigon tawada ja da shuɗi da rawaya a warwatse a cikin abin da ya kamata ya zama baƙi da fari. Na kashe fitila na haska tocilar UV, takardar ta ɗauki haske shuɗi ƙal. Sinadarin ƙara wa takarda fari da ke haddasa wannan haske sai a wajejen shekarun 1950 ya shiga takardun hoto, don haka katin da ake cewa na 1910 ne bai kamata ya yi haka ba. Laifina ne, don ban nemi hoton bayansa ba kafin na biya. Ka kuma lura da gefen kati. Tsohon kati kusurwoyinsa sun ɗan dakushe, bakinsa ya yi duhu kaɗan saboda hannaye. Sabon yanka kuwa fari ne tas a baki ko da an shafa wa fuskarsa launi.

Mataki na shida: sanin ire-iren tsofaffin hotuna

Idan hoto ya zo maka cikin ɗan akwati mai buɗewa kamar littafi, ka karkata shi a haske. Idan yana sheƙi kamar madubi, hoton yana bayyana yana ɓacewa gwargwadon yadda ka riƙe shi, to dagerotayif ne, fasahar Louis Daguerre da aka bayyana wa duniya a Faransa a 1839. Farantin jan ƙarfe ne da aka lulluɓe da azurfa. Fuskarsa ba ta jure ko shafar auduga, don haka kada ka buɗe gilashinsa ko da ka ga ƙura a ciki. Idan a kan gilashi hoton yake, da baƙin abu a bayansa, kuma ba ya yin madubi, ambrotayif ne na shekarun 1850 zuwa 1860. Idan kuma siririn ƙarfe ne mai duhu, ka kusanto da maganaɗisu ta baya a hankali. In ya kama, tintayif ne, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1850 ya daɗe a hannun masu ɗaukar hoto na kan titi saboda arha da saurinsa.

Hotunan takarda da aka manna a kan kwali mai kauri iri biyu ne suka fi yawa. Ƙaramin, mai kimanin santimita 6 da 10, shi ne wanda wani mai ɗaukar hoto mai suna Disdéri ya yi wa rajista a Faris a 1854, ya zama abin yayi a shekarun 1860 har mutane na musayarsa suna cika albam da shi. Babban, mai kimanin santimita 11 da 16.5, ya biyo baya daga tsakiyar shekarun 1860 ya riƙe kasuwa har ƙarshen ƙarnin. Yawancinsu an wanke su ne a kan takardar da aka shafe da farin ƙwai, shi ya sa suke yin rawaya da ƙananan tsage-tsage idan ka duba da gilashi. A ƙasa ko a baya akwai sunan shagon hoton da adireshinsa, kuma wannan shi ne zaren da za ka ja har ka kai ga shekara.

Hoto shuɗi gaba ɗaya siyanotayif ne, wanda John Herschel ya ƙirƙiro a 1842. Ɗan hoto mai da'ira kuwa alamar kyamarorin Kodak na farko ne, waɗanda George Eastman ya fara sayarwa a 1888. Hotunan baƙi da fari na ƙarni na 20 galibi na azurfa da jelatin ne, kuma idan sun tsufa za ka ga wani sheƙi kamar na ƙarfe a wuraren duhu da bakin hoton. Azurfar ce ta taso sama. Kada ka goge.

Nagetif na buƙatar kulawa ta musamman. Ka karanta rubutun da ke bakinsa. Idan an rubuta NITRATE, irin wanda aka yi ta amfani da shi har zuwa wajejen 1950, yana kama wuta cikin sauƙi kuma wutarsa na da wuyar kashewa. Ka ware shi daga sauran kaya, nesa da zafi, ka nemi shawarar ma'aikatan gidan adana kayan tarihi. Wanda aka rubuta wa SAFETY ba ya da wannan haɗari, amma idan ya fara wari mai tsami kamar binega, ya fara lalacewa ke nan, kuma tururinsa na cutar da na kusa da shi. Ka yi masa sikanin da wuri ka ajiye shi daban.

Mataki na bakwai: saye

Za ka samu kaya a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai da kayan da, a gwanjo, a bajekolin masu tara kan sarki, da shafukan ciniki irin su eBay da Delcampe. A intanet kada ka biya sai ka ga hoton gaba da baya, ka tambayi girma, ka tambayi ko akwai yagewa ko ninki ko alamar gam. Kafin ka yi tayi, ka duba nawa aka riga aka sayar da irinsa, domin kuɗin da mai kaya ya ɗora buri ne kawai.

Tsufa kaɗai ba ya ba kati daraja. Katin babban gini a babban birni da aka buga dubbai yana nan birjik ko da ya shekara ɗari da ashirin. Abin da ke wuyar samu shi ne ƙaramin gari, titi mai mutane suna harkokinsu, masu sana'a a bakin aiki, ko wani abin da ya faru rana guda. Wasu masu tarawa sun fi son katin da ba a taɓa aikawa ba don tsabtarsa. Ni kam na fi son wanda ya yi tafiya, mai hatimi da rubutu, ko da kusurwarsa ta lanƙwashe.

Idan albam ne cikakke aka kawo maka, kada ka yarda a ɓalle hotunan a sayar maka da ɗaiɗai, kai ma kada ka ɓalle. Jerin da mai albam ya yi da rubutun da ya sa a ƙasa su ne bayanin hotunan. Ka kuma tambayi mai sayarwa daga ina kayan suka fito, ka rubuta amsar a ranar.

Wani abu da ya kamata a faɗa: katuna da yawa na zamanin mulkin mallaka an yi su ne don baƙi masu aikawa gida. An tsara mutane a gaban kyamara, an cire sunayensu, an sa musu taken da ke ƙasƙantar da su, wani lokaci ma hoto guda ya fito da sunan ƙasashe biyu daban. Ka kwafi taken yadda yake don shi ma tarihi ne, amma kada ka ɗauke shi gaskiya sai ka bincika, kuma idan za ka nuna katin ga jama'a ka tuna cewa kakan wani ne ke tsaye a ciki.

Mataki na takwas: adanawa

Yawancin ɓarnar da na gani a hotuna masu ƙaunarsu ne suka yi ta. Garin neman gira akan rasa ido. Kada ka yi wa tsohon hoto laminatin, domin zafi da gam sun shige shi ke nan, ba a cirewa. Kada ka liƙe yagewa da salatif, zai yi rawaya ya bar tabon da ba ya fita. Robar ɗauri tana narkewa ta manne, ƙarfen maƙale takarda yana tsatsa, tawadar biro tana ratsawa ta fito a gaba. Idan za ka rubuta a bayan hoto, ka kifa shi a kan tebur mai tsabta mai tauri, ka rubuta da fensir mai laushi kusa da baki ba tare da dannawa ba. Mafi kyau ma ka rubuta a kan ambulan ɗin da ka sa shi.

Kowane kati ya samu rigarsa. Ledar da ta dace ita ce ta foliyesta ko folifurofilin ko foliyetilin. Ka guji ta PVC, wadda ke da warin sabuwar roba kuma take fitar da maiƙo idan ta daɗe. Idan akwai lamba a cikin ɗan alwatikan da ke jikin ledar, 3 ita ce PVC, 5 kuma folifurofilin. Takarda da kwali su zama marasa asid, kuma idan ka ga an rubuta cewa sun ci gwajin PAT, wato gwajin da ke tabbatar da ba sa cutar da hoto, ka ɗauka da kwanciyar hankali. A wurin da danshi ya yi yawa ambulan ɗin takarda ya fi leda, saboda hoto mai jelatin yana iya mannewa da leda idan ya sha laima. Ka jera katuna a tsaye cikin akwati daidai girmansu, kada su matsu, kada kuma su yi sako-sako har su lanƙwashe.

Albam mai shafuka masu danƙo da leda a sama, wanda ya yi tashe daga shekarun 1970, yana cikin manyan maƙiyan hoto. Idan hoton bai kama sosai ba, ka zura zaren sakace marar kakin zuma a ƙarƙashin kusurwa, ka ja shi hagu da dama a hankali. Idan ya ƙi, ka bar shi, ka yi sikanin shafin gaba ɗaya. Haka ma hoton da ya manne da gilashin firam: a ɗauke shi ta cikin gilashin, kada a ɓanɓaro.

Wurin ajiya ya zama mai sanyi, busasshe, mai duhu, danshinsa tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Abin da ya fi cutarwa shi ne hawa da saukar zafi da laima, don haka ka guji ƙarƙashin rufi, jikin bangon waje, kusa da banɗaki ko wurin girki, da kuma ƙasa kai tsaye inda ruwa ko gara za su iya kaiwa. 'Yan ƙunshin silika masu tsotse laima a cikin akwati suna taimakawa idan ana canza su. Duk wata uku ka buɗe ka duba alamar kyankyaso ko ɓera ko fumfuna. Sabon kayan da ka sayo mai warin ruɓa kada ya shiga cikin sauran sai ya sha iska a inuwa ka tabbatar babu komai a jikinsa. Idan ruwa ya taɓa hotuna, ka rarraba su tun suna jiƙe, ka shimfiɗa kowanne fuskarsa sama a kan takarda mai tsotse ruwa, a inuwa, ba rana ba dutsen guga.

Wanda kake son ratayewa a bango, ka wanke kwafinsa ka rataye, asalin ya zauna a akwati. Hasken rana yana cinye launi cikin 'yan shekaru, musamman na hotunan kala.

Mataki na tara: rajista da kwafi

Ka ba kowane kati lamba, ka rubuta ta a rigarsa. A littafi ko a kwamfuta ka buɗe masa layi: abin da ke cikin hoton, taken da aka buga, kamfani ko mai ɗauka, lambar jeri idan akwai, girma, irin bugu, ranar hatimi da garin, daga wa zuwa wa, inda ka samo shi da ranar. Ka kwafi saƙon baya kalma da kalma har da kurakuransa. Abin da ka tabbatar ka rubuta shi kai tsaye, abin da kake zato ka sa masa alamar tambaya, don wanda zai gaji tarin ya san bambanci.

Sikanin a yi gaba da baya, da ƙarfin 600 dpi, a kala ko da hoton baƙi da fari ne, har da bakin katin. Ka ajiye asalin fayil a tsarin TIFF ba tare da gyara ba, ka fitar da JPEG don rabawa. Sunan fayil ya zama lambar katin, da "a" don gaba da "b" don baya. Kwafi uku a wurare daban, ɗaya daga ciki ba a gidanka ba. Idan za ka sa bayan kati a intanet kuma bai tsufa sosai ba, ka rufe suna da adireshi, domin mai yiwuwa iyalin suna nan a gidan.

Katin tashar jiragen ruwan nan shi ne lamba 1 a littafina. A gaban layin "mai ɗaukar hoto" har yanzu alamar tambaya ce. Watanni kaɗan da suka wuce na ga wani kati mai irin harufan takensa da lambar jeri mai bin tasa, kuma na rubuta wa mai shi ina roƙon ya turo mini hoton bayansa.